Faransis Aston, Ma'aunin Ƙwayoyin Zarra

An haifi Faransis Aston a Harborne, kusa da Birmingham ta ƙasar Ingila, ran 1 ga Satumba, 1877. Ya koyi ilmin haɗa magunguna a Kwalejin Mason, sa'an nan ya yi shekara uku yana aiki a wani gidan yin giya. A 1910 Tomson, shugaban ɗakin bincike na Kabendish a Kambirij, ya ɗauke shi mataimaki.

A zamanin nan masana sun ɗauka ƙwayoyin zarra na kowane sinadari nauyinsu ɗaya ne. Amma da su Tomson suka gwada iskar niyon, sai suka ga alamar iri biyu, mai nauyi 20 da mai 22. Yaƙin Duniya na Farko ya katse binciken, aka tura Aston aikin jiragen sama a Farnborough. Da ya komo a 1919 sai ya ƙera na'urar da ta raba gardama.

Ga yadda take aiki. A kan ɗora wa ƙwayoyin lantarki, a kora su ta tsaga biyu ƙanana, su fito siririn layi guda. Sai ƙarfin lantarki ya karkata su, maganaɗisu kuwa ya komo da su ɗaya gefen. Gwanintar Aston ita ce daidaita waɗannan biyu, har ƙwayoyi masu nauyi ɗaya, da mai sauri da mai nawa, duk su faɗa wuri guda bisa farantin hoto. Kowane nauyi da nasa zane.

Da haka ya tabbatar niyon iri biyu ne, kulorin kuma gauraye ne na 35 da 37, shi ya sa matsakaicinsa ya kusa 35.5. Irin waɗannan tagwaye su a ke kira aisotof, ya kuwa gano 212. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne da ya nuna ƙwayar hiliyam ɗaya ba ta kai nauyin haidirojin huɗu ba. A 1920 Eddington ya dogara da wannan ɗan bambanci, ya ce daga nan rana ke samun zafinta.

An ba shi Lambar Nobel a 1922. Bai taɓa aure ba; iyo, da kiɗa, da tafiye-tafiye su ne nishaɗinsa. Ya rasu a Kambirij ran 20 ga Nuwamba, 1945. Har yanzu manyan injunan da ke harba ƙwayoyin zarra da maganaɗisu su ke tace su bisa ga nauyi.