Tarihin Likita Dalziel, Mai Tattara Sunayen Itatuwan Ƙasar Hausa

An haifi John McEwen Dalziel a garin Nagpur na ƙasar Indiya a shekarar 1872, amma asalinsa mutumin Sikotilan ne, inda ake furta sunan nasa da Diyel. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinburgh, ya yi aikin asibitin mishan a ƙasar Sin, sannan a 1905 ya shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma.

Duba marasa lafiya aka turo shi yi, amma abin da ya sa muke tunawa da shi daban ne. A wuraren da ya zauna, kamar Katagum da Sakkwato da Yola, yakan tsinko ganye da fure da 'ya'yan itace, ya danne su cikin takarda har su bushe, ya tambayi sunansu da amfaninsu, sannan ya aika da su lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan. A ganinmu, ilimin na manoma ne da makiyaya da masu maganin gargajiya. Nasa ƙoƙarin shi ne rubutawa da tantancewa. A 1916 ya fitar da littafin A Hausa Botanical Vocabulary, wanda ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya.

Wannan haɗi ba ƙaramin amfani gare shi ba. Itace guda kan sami suna biyu ko uku daga wannan gari zuwa wancan, kuma wanda ya rikita saiwar magani da mai guba ya san illar hakan. Masana suna raba tsirrai dangi-dangi ta hanyar duba fure da 'ya'ya, ba tsawo ko kauri ba. Shi ya sa ɗorawa da tsamiya da gawo da bagaruwa suke dangi ɗaya da wake da gyaɗa, domin dukkansu cikin kwanso suke ajiye ƙwayarsu. Haka kuma a rabon da ake bi yanzu, kuka da rimi 'yan uwan auduga da kuɓewa ne, ko da yake a zamaninsa an ware musu dangi na daban.

Bayan ya bar aikin likita ya koma Kew, inda shi da John Hutchinson suka wallafa babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. A 1937 ya biyo da The Useful Plants of West Tropical Africa, kan tsirran abinci da magani da rini da katako, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa daga 1985.

Ya rasu a 1948. Itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, da sunansa masana suka san shi: Boswellia dalzielii.