Nana Asma'u: Malamar da ta isar da ilimi ƙauyuka, kowane saƙo da tushensa

A Gummi, ko Anka, ko Bukkuyum, duk mai riƙe da wayar zamani ya san yadda saƙo ke shigowa: wani ya turo wa wani, shi ma ya tura gaba. Wata rana wa'azi ne, wata rana maganin ciwo, wata rana labarin hari a hanya. Sau da yawa ba sunan wanda ya rubuta, ba ranar da aka rubuta, ba inda za a je a tabbatar.

Kusan shekara 200 da suka wuce, wata malama a Sakkwato ta fuskanci wannan matsala ta yadda za a kai ilimi wurin da malami ba ya zuwa, ba tare da ya gurɓace a hanya ba. Sunanta Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An fi saninta da waƙoƙi, amma tsarin da ta gina na yaɗa su bai gaza waƙoƙin muhimmanci ba.

Gidan da ta tashi

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, mahaifiyarsu kuwa ita ce Maimuna. Gida ne da karatun mata ba baƙon abu ba ne a cikinsa, domin matan Shehu da 'ya'yansa mata duk suna karatu, wasu kuma suna koyarwa.

Wannan matsayi na gidan ya sha gwaji tun kafin a haife ta, kuma a ƙasar Zamfara. Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a Zamfara. A lokacin ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soke shi a kan barin mata suna halartar majalisinsa. Ƙanensa Abdullahi ne ya mayar da martani a waƙe, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Shi ma Shehu, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu na cikin gida ba su san komai na addini ba.

A wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi da tasawwufi. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Yarinya a hanyar hijira

Tana da shekara 11 a duniya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804. Daga nan sai yaƙi. An yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yunin wannan shekara, amma a ƙarshenta jama'ar Shehu ta sha mummunan kaye a Tsuntsuwa. Tarihi ya nuna an rasa mutum kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200.

A farkon 1805 jama'ar ta gangaro Sabon Gari, a yammacin ƙasar Zamfara, cikin yunwa da gajiya. Daga can ne rundunar da ta ci Birnin Kabi ta tashi. Zaman bai ƙare da daɗi ba, domin neman abinci da mayaƙa ke yi ya ɓata tsakaninsu da Zamfarawan da suka karɓe su. Kafin shekarar ta ƙare sun koma Gwandu.

Asma'u ta ga duk wannan da idonta. Ta ga yadda ake ɗaure littattafai a kan dabbobi ana ƙaura da su daga sansani zuwa sansani, ta kuma ga yadda ilimin da ke cikin ƙirjin mutum ke tafiya tare da shi a yini guda. Shekaru da yawa bayan haka ta tsara tarihin wannan tafiya a waƙar da aka sani da Waƙar Gewaye, tana bin wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Gidan Waziri

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817, Giɗaɗo ne Wazirinsa. Aikin Waziri a lokacin aikin wasiƙu ne da tafiye-tafiye: shi ke tsakanin Sakkwato da masarautu irin su Kano da Zazzau, shi ke karɓar manzanni da baƙi. A hannunsa Baturen Ingila Kilafaton ya sauka lokacin da ya zo Sakkwato a 1824.

Ke nan Asma'u ta zauna a gidan da takardu ke shiga da fita kullum. Ita da mijinta sun yi aikin tattara rubuce-rubucen Shehu da adana su. Ita kanta ta yi musayar rubutu da malamai, har da wani malami daga ƙasar Shinƙiɗi, wato Muritaniya ta yau.

Sai dai wasiƙa da littafi suna da iyaka. Takarda daga Turai ake kawo ta, ta ratso hamada ta hanyar Tarabulus, tana da tsada. Kowane littafi da hannu ake kwafe shi. Mafi yawan littattafan kuma da Larabci suke, waɗansu waƙoƙin da Fulatanci, alhali akasarin talakawa Hausa suke ji. Matar aure a ƙauye ba ta da hanyar kaiwa ga ko ɗaya daga ciki.

Yaƙe-yaƙe sun ƙara girman matsalar. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da waɗanda suka gabace shi, mata da yawa da aka kamo sun shigo gidaje da garuruwan daular. Su ne za su raini yara, kuma abin da da yawansu suka sani na neman lafiya da kwanciyar hankali shi ne bori.

Gajeren saƙo mai nuna babban littafi

Matakin farko da Asma'u ta ɗauka shi ne taƙaitawa. Za ta ɗauki babban aiki ta mayar da shi waƙa gajeruwa, mai sauƙin haddacewa, cikin harshen mai sauraro.

Misali mafi bayyana shi ne waƙarta ta sunayen surorin Alƙur'ani. Ta jera sunayen surori 114 a cikin 'yan baitoci, ta fara da Fulatanci, daga baya aka samu ta Hausa. Waƙar ba ta maye gurbin Alƙur'ani ba. Jagora ce da ke nuna wa mai koyo abin da ke ciki da yadda aka jera shi, don in ya samu dama ya nufi asalin.

Haka waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka. Muhammadu Bello ne ya fara rubuta littafi da Larabci a kan salihan mata, yana ɗebowa daga aikin malamin Bagadaza Ibnul Jauzi. Asma'u ta mayar da shi waƙa, ta ƙara da matan da jama'arta suka sani da idonsu. Matar da ta ji wannan waƙa a wani ƙauye kusa da Wurno, tana riƙe ne da ƙarshen igiyar da ta taso tun daga Bagadaza.

A 1831 ta fassara waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Ta fitar da gargaɗin daga da'irar masu jin Fulatanci, ta sa shi a bakin talakawan da abin ya fi shafa.

Akwai wata ɗabi'a da ke bin ayyukanta. Sau da yawa a ƙarshen waƙa takan sa shekarar da aka yi ta, ta hanyar ramzi, wato haruffan da ke wakiltar lambobi. Inda aikin wani ne ta fassara ko ta gina a kai, ana sanin mai shi. Da yake bayanin yana cikin baitocin, duk wadda ta haddace waƙar ta haddace shaidarta. Wannan ne ya sa masu bincike a yau suke iya jera ayyukanta shekara bayan shekara.

Jaji da 'Yan Taru

Mataki na biyu shi ne masu ɗaukar saƙon. Wajen ƙarshen shekarun 1830, Asma'u ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai mutunci da riƙon amana, a naɗa ta jaji. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani.

Zaɓen malfar ba haɗari ba ne. A Gobir, Inna, wadda ke shugabantar mata da harkar bori, tana sa irin wannan malfa. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani da girma, ta ɗora ta a kan malama.

Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffin mata da 'yan matan da ba su yi aure ba, waɗanda hidimar gida ba ta ɗaure su ba. Sukan yi tafiya a ƙasa zuwa wurin Asma'u, ɗauke da sadaka irin su hatsi da zuma da man shanu da zare, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata. Sukan zauna su koyi waƙa, a yi musu bayaninta, su yi tambayoyi a kan tsarki da salla da aure da gado da rashin lafiya. In sun koma gida, sai su bi matan aure ɗaki-ɗaki suna koya musu.

Abin da ya ba tsarin ƙarfi shi ne kowa ya san kowa. Matar ƙauye ta san jajinta. Jaji ta san wadda ta naɗa ta. In baiti ya rikice ko ma'ana ta shige duhu, akwai inda za a koma a tafiya ta gaba. Ƙafiya da ma'aunin waƙa su ma tsaro ne, domin in aka sauya kalma kunne yakan ji.

Asma'u ba ta ɗauki waɗannan mata a matsayin 'yan aike kawai ba. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, ta yi mata waƙar ta'aziyya, kamar yadda ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, da kuma mijinta Giɗaɗo.

Bayan rasuwarta

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara 71, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Ta bar ayyuka sama da 60 da suka iso zamanin nan.

Tsarin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ake kira Uwar Daje, ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru. Ƙanenta Isa, autan Shehu, ya fassara wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Ɗanta Abdulƙadir ya zama Waziri, kuma wazirci ya ci gaba a zuriyarta. Ko bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, mata ba su daina zuwa ɗaukar karatu ba.

A ɗakin karatun Waziri Junaidu, ɗaya daga cikin zuriyarta, wanda ya rasu a 1997, aka adana da yawa daga rubuce-rubucenta. Daga nan Jean Boyd, wata Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta yi bincikenta. Ta wallafa tarihin rayuwar Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da kundin ayyukanta a 1997. A yau akwai makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu sunanta a Arewa, har ma wasu mata Musulmi a birnin Pittsburgh na Amurka sun kafa ƙungiya a kan tsarin 'Yan Taru.

Abin da ya shafi yammacin Zamfara

Tambayar da Asma'u ta yi fama da ita ba ta tsufa ba a yankin da ta ratsa tana yarinya. A 2010, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. A cikin gidaje ake niƙa duwatsun zinare, inda mata ke aiki yara na wasa a ƙasa. Bayanin da zai ceci rai yana buƙatar ya shiga har tsakar gida, ta bakin wanda matan suka yarda da shi.

A watan Satumban 2021 kuma, da aka rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, labari ya koma tafiya da ƙafa da baki na tsawon makonni. A irin wannan hali, darajar labari takan koma kan wanda ya kawo shi da inda ya samo shi.

Wayar da ke hannun mutum a yau tana kai saƙo Kano ko Jidda kafin jaji ta gama ɗaura malfarta. Abin da ba ta yi da kanta shi ne faɗin wanda ya rubuta, da lokacin da aka rubuta, da inda za a koma a duba. Waɗannan abubuwa uku Nana Asma'u ta saka a cikin saƙonta tun kafin ya bar gidanta, shi ya sa bayan shekara 160 da rasuwarta ake iya bin sawunsa har zuwa inda ya fito.