Tanimun ɗan Sulaiman, Sarkin Damagaram, da Fadar da Ya Bari

Wanda ya tashi daga Tasawa ya nufi gabas a kan babbar hanya, bayan tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya zai shiga Damagaram, garin da taswira ke kira Zinder. Da wuya baƙo ya kwana biyu a can ba a ce masa ya je unguwar Birni ya ga fada ba. Idan ya je, ya nemi izini, ba a barinsa ya shiga shi kaɗai. Wani daga cikin mutanen fada ne zai shige masa gaba, zaure bayan zaure, yana nuna masa inda ake zaman fadanci, da inda dogarai ke tsayuwa, yana jero masa sunayen sarakuna. Cikin sunayen nan akwai ɗaya da ya fi sauran yawan fitowa daga bakin ɗan jagora, shi ne Tanimun.

Irin wannan zagaye ana yin sa a wurare da yawa na duniya. A Romaniya, masu yawon buɗe ido kan bi jagora ɗaki ɗaki a fadar Peleș, wadda Sarki Carol na Ɗaya ya aza harsashinta a shekarun 1870, aka buɗe ta a 1883, shekara guda kafin rasuwar Tanimun. Sai dai sarautar Romaniya ta faɗi tun 1947, fadar ta zama gidan tarihi. Ta Damagaram kuwa har yau gidan sarki ce, da iyali a ciki, da masu kawo ƙara a ƙofa. Saboda haka labarin da baƙo zai ji a can labarin gida ne, daga bakin ƴan gida.

Gidan sarautar da Tanimun ya fito asalinsa daga Barno yake. A wajejen 1731 wani malami Babarbare ya kafa shi, kuma zuriyarsa sun daɗe suna sauya mazauni kafin Sulaiman, mahaifin Tanimun, ya mai da Zinder hedikwata a farkon ƙarni na 19. Sunan ƙasar ya bi sarautar zuwa sabon garin, shi ya sa Bahaushe ke ce masa Damagaram har gobe. Sunan sarkin ma abin lura ne ga ɗalibin harshe: Tanimu suna ne na yaron da aka haifa ranar Litinin, tushensa kalmar Larabci mai nufin biyu, daidai da Altine. Jikan Barebari ne, amma sunansa na rana irin na Hausawa, kuma wannan gauraye ya bi shi har cikin fada.

Bai sami gadon cikin sauƙi ba. Ɗan'uwansa Ibrahim ne ya hau a 1822. Tanimun ya karɓe mulki a 1841, ya riƙe shekara biyu, Ibrahim ya dawo. A wancan zamani Sarkin Damagaram bara ne na Shehun Barno, yana aika gaisuwa Kukawa, kuma rikicin ƴan'uwan biyu bai taɓa zama nasu su kaɗai ba, domin wanda Shehu ya yarda da shi shi ke zama. A 1846 rundunar Barno tana can wajen Damagaram lokacin da Wadai ta kawo hari Kukawa. Tanimun ya ga wannan duka da idonsa. Da ya koma kan gado a farkon shekarun 1850, ya yi kimanin shekara 30 a kai, kuma kusan duk abin da ya aikata a cikinsu ana iya karanta shi a matsayin shirin kada wani daga waje ya sake naɗa Sarkin Damagaram ko ya tuɓe shi.

Ya fara da ganuwa. A zamaninsa aka kewaye Birni da katangar ƙasa mai kauri, tsayinta ya kusa mita 10 a wasu wurare; abin da ya rage daga cikinta yanzu guntaye ne tsakanin manyan duwatsun unguwar. Fadar da ake zagayawa a yau ma a tsakiyar ƙarnin nan ta sami siffarta, kuma da sunansa ake haɗa ta. Sa'an nan makamai. Garin yana kan hanyar fatake da ta tashi daga Kano ta bi Agadas da Gat har Tarabulus, ayari yana sauka a Zango, bayan ganuwa. Ta wannan hanya ƙiraga da gashin jimina da bayi suka riƙa fita arewa, bindigogi suka riƙa shigowa. Tanimun bai tsaya ga saye ba: ya sa aka riƙa haɗa albarushi a gida, maƙera suka zuba masa igwa a cikin garin. Ya kafa runduna ta masu bindiga daga cikin bayinsa, ya ɗora wasu bayin a kan manyan muƙamai, domin bawa ba shi da dangin da zai nema wa sarauta.

Da ƙarfin nan ya mamaye maƙwabta. Ƙasashen Sosebaki, irin su Mirya da Wacha da Dungas, da ƙasar Muniyo ta wajen Gure, waɗanda a da kowace ke kai gaisuwarta Kukawa, suka koma bin Damagaram. Shehu Umar yana raye, yana ji, bai iya tsawata masa ba. Tanimun bai taɓa shelanta cewa ya fita daga Barno ba. Bai bukaci haka ba.

Abin da talaka ya fi tunawa da shi, duk da haka, ba igwa ba ne, gawo ne. Labarin baka ya riƙe cewa ya hana sare wannan itace a ƙasarsa, ya sanya hukuncin kisa ga wanda ya kayar da shi, da yanke hannu ga wanda ya sassabe shi ba izini. Hukuncin ya yi tsanani ƙwarai, amma manomi ya san dalili: gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, gero yana yin kyau a gindinsa, dabbobi kuma suna cin ƴaƴansa da rani. Masana aikin gona da ke nazarin yadda itatuwa suka farfaɗo a gonakin jihohin Damagaram da Maradi sukan koma ga wannan doka idan suna neman tushen al'adar.

Ga mai nazarin harshe, fadar tana da wani abin sauraro baya ga abin kallo. Da Hausa ake magana a cikinta, karin Damagaranci, amma sarautun da ɗan jagora zai lissafa, su Ciroma da Galadima da Kaigama da Shatima, na Barebari ne. A 1960 Joseph Greenberg ya wallafa maƙala a kan tasirin Barbarci a Hausa, inda ya kafa hujja da irin waɗannan sarautu da kalmomi kamar karatu da rubutu da kasuwa, har da birni. A Kano ko Katsina aron ya tsufa, sai an tono shi. A Damagaram kuwa masu kawo kalmomin ne da kansu suka zauna cikin Hausawa suka yi sarauta, harshen talakawansu ya rinjaye su, suka riƙe sunayen muƙamai. Wanda ke neman batun bincike a kan cuɗanyar harsuna zai samu a zauren nan, in ya tafi da rakoda maimakon kyamara.

Akwai kuma ɓangaren da zagayen fada bai cika tsayawa a kai ba. Ƙasar Korgom da Kance tana bakin iyakar yamma, tsakanin Damagaram da sarakunan Katsina da jihadi ya koro zuwa Maradi da Tasawa, kuma ƙauyen bakin iyaka shi ke fara jin ƙarar kofato. Ganuwa mai tsayin mita 10 hannuwa ne suka kwaɓa ƙasarta, bindigar Tarabulus kuma da mutane ake biyan wani kaso na kuɗinta. Shaida mafi kusa ga ɗaliban Hausa ita ce Durugu. An haife shi a Dambanas, kusa da Kance, aka kama shi yana yaro, aka bi da shi ta Zinder zuwa Kukawa, inda Bajamushe Overweg ya ƴanta shi. Ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da Hausa. Da taimakonsa Schön ya fitar da nahawunsa na 1862, labarin kuma ya fito cikin Magana Hausa a 1885. An kama Durugu kafin Tanimun ya koma kan gado, don haka ba shi za a tuhuma da wannan kamu ba. Amma tsarin da ya cinye ƙauyen yaron shi Tanimun ya gada, kuma a hannunsa ya bunƙasa. Adalci ga tarihinsa shi ne a ambaci gawo, a ambaci wannan, a numfashi ɗaya.

Ya rasu a 1884. Ɗansa Amadu, wanda ake wa laƙabi da Kuren Daga, ya hau a 1893. A zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, shekara ta zagayo Faransawa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini suka shiga Birni. Ganuwar da aka gina domin dawakin Barno ba ta tsare komai ba. Garin ya zama hedikwatar mulkin mallaka na Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mai da ita Yamai. André Salifou ya rubuta tarihin daular a 1971, kuma sunansa jami'ar garin ke ɗauke da shi yanzu. Tun 2006 unguwar Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO domin a sa su cikin kayan tarihi na duniya, suna jiran a duba su.