Percy Girouard: Injiniyan Da Ya Shimfiɗa Wa Arewa Hanyar Dogo

An haifi Sir Percy Girouard a Montreal ta ƙasar Kanada ranar 26 ga Janairu, 1867. Ya kammala kwalejin soja ta Kingston a 1886, ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya a 1888.

Sunansa ya fara fitowa ne a Sudan, inda a 1897 ya ratsa hamada da layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, a ƙarƙashin Kitchener. Daga nan ya shugabanci jiragen ƙasan Masar, sannan ya riƙe na Afirka ta Kudu a lokacin yaƙin Boer.

A 1907 aka turo shi ya gaji Lugard a mulkin Arewacin Nijeriya. A lokacin, jaki da raƙumi da kan ɗan dako ne ke ɗaukar kayan ƙasar. Girouard ya jagoranci ginin layi mai tsawon kimanin mil 350 daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. Layin ya isa Kano a 1911, bayan shi kansa ya bar ƙasar. Ba a jima ba cinikin gyaɗa ya bunƙasa a birnin.

Sai dai aikin bai zo da sauƙi ga talakawa ba. Ta hannun sarakuna aka riƙa tara dubban leburori, da yawansu bisa tilas, suka bar gonakinsu suka riƙa haƙa da ɗaukar ƙasa. A zamaninsa kuma aka kafa kwamitin filaye na 1908, wanda ya haifar da dokar 1910 da ta sanya filayen Arewa a hannun gwamna.

A 1909 aka mayar da shi gwamnan Gabashin Afirka, Kenya ta yau. Ya ajiye muƙamin a 1912 sakamakon rikicin tayar da Masai daga filayensu. Ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumba, 1932.

Kafin rasuwarsa, hanyar da ya fara ta yi rassa. A 1927 layin Gabas daga Fatakwal ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan, reshe kuma ya nufi Jos. Kafanchan ta zama mahaɗar jirage mai tara ƙabilu daban-daban, manoman citta na Kwoi da kewaye kuma suka sami hanyar fitar da amfaninsu.

Jirgin ƙasa ba ya tafiya da inuwar rana, sai da agogo guda da kowace tasha ta yarda da shi. Tun 1919 Nijeriya ke bin lokaci ɗaya, sa'a guda gaba da na Greenwich, kuma ba ta matsar da agogonta da sauyin yanayi kamar yadda Turai ke yi.