JAMES NAISMITH, MARAYAN DA YA ƘIRƘIRO ƘWALLON KWANDO

Da yawa daga cikinmu muna buga ƙwallon kwando, amma kaɗan ne suka san wanda ya ƙirƙiro shi. Sunansa James Naismith. An haife shi ran 6 ga Nuwamba, 1861, kusa da garin Almonte a ƙasar Kanada. A 1870 zazzaɓin taifot ya kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa, ya koma hannun kakarsa, daga baya kuma kawunsa ya riƙe shi. Ya bar makarantar sakandare bai gama ba, ya shiga aikin saran itace a daji. Bayan 'yan shekaru ya ga wannan ba za ta fisshe shi ba, sai ya koma aji, ya gama a 1883. Ya sami digiri a Jami'ar McGill a 1887, sa'an nan ya karanta tauhidi a kwalejin Firesbiteriya ta Montreal, ya gama a 1890.

Kowa ya zaci zai zama fasto. Shi kuwa ya ga cewa akwai samarin da ba za su zo sujada ba, amma za su zo filin wasa, kuma a can ma ana iya gyara halin mutum. Saboda haka ya tafi makarantar horar da ma'aikatan YMCA a Springfield, jihar Massachusetts ta Amurka.

A watan Disamba na 1891 shugaban sashensa, Dokta Luther Gulick, ya ɗora masa wani nauyi. Sanyi da dusar ƙanƙara sun hana wasa a waje, ga kuma wani aji na samari 18 da suka gaji da motsa jiki na cikin ɗaki, har sun gagari malamai. Aka ba shi kwana 14 ya samo musu wasa. Da ya zauna ya yi nazari, sai ya gane cewa gudu da ƙwallo a hannu shi ke jawo kokawa da rauni, don haka ya hana shi. Ya kuma tuna wasan ƙuruciyarsu na jifan dutsen da aka ɗora a kan wani dutse, inda mai lanƙwasa jifarsa sama ya fi mai jifa da ƙarfi nasara. Wannan ya sa ya ɗaga wurin ci sama, inda ƙarfi ba ya amfani sai saiti. Aka kafa kwanduna biyu na 'ya'yan itace a jikin baranda, ƙafa 10 daga ƙasa, kuma tsayin da muke amfani da shi ke nan har yau. Ran 21 ga Disamba aka yi wasan farko da ƙwallon ƙafa, mutum tara-tara. Ci ɗaya tak aka yi, daga nesa kuma aka jefo shi, wajen ƙafa 25.

Dokoki 13 ya rubuta. Ta tara ta shafi ƙwallon da ya fita fili. A lokacin, wanda ya fara taɓa ƙwallon shi ke jefo shi ciki, abin da ya riƙa jawo rububi, har daga baya aka gyara. Amma daƙiƙa biyar da ya ba mai jefowa tana nan ba ta canza ba. A cikin daƙiƙa biyar ɗin nan ne masu koyar da wasa ke shirya dabarunsu. Idan za a jefo ƙwallo daga layin da ke bayan kwandon abokan hamayya, masu tsaro sukan cunkushe a gindin kwando. Sai 'yan wasa biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar shinge, gwanin jifa ya zagaya ta bayansu zuwa kusurwa, ya karɓi ƙwallo babu mai tare shi. Wani lokaci shi mai jefowar ne ke shigowa ya ruga kusurwa, domin shi aka fi mantawa da shi. Tun da aka fara ba jifan nesa maki uku, a gasar NBA a 1979, a dokokin FIBA kuma a 1984, wannan dabara ta ƙara daraja.

Naismith kansa bai damu da irin waɗannan dabaru ba. A ganinsa wasa ne da ake bugawa don lafiyar jiki da tarbiyya. Ya sami digirin likita a Denver a 1898, a shekarar kuma ya koma Jami'ar Kansas. Shekara tara yana koyar da ƙungiyarta, ya ci wasa 55, aka cinye shi 60. Duk da haka daga hannunsa Phog Allen ya fito, wanda ya zama shahararren mai koyar da wasan. Ya kuma ja John McLendon a jiki, ɗalibi baƙar fata, a zamanin da wariyar launin fata ta yi tsanani. An naɗa shi fasto a 1916, ya yi hidima a tsakanin sojoji a iyakar Meziko, daga baya kuma a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A 1936 ya je Berlin, ya ga wasansa a gasar Olamfik, inda Amurka ta ci Kanada 19 da 8 a cikin ruwan sama, shi kuma ya miƙa lambobin yabo. Ya rasu ran 28 ga Nuwamba, 1939, a Lawrence ta jihar Kansas, bai tara dukiya daga wasan ba. A 2010 aka sayar da takardu biyun da dokokinsa ke ciki a kan fiye da dala miliyan huɗu. Zauren girmama gwanayen wasan da ke Springfield yana ɗauke da sunansa, a 2008 kuma aka shigar da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a cikinsa.

Ya ku ɗalibai, mu lura da abu biyu. Wanda ya bar makaranta yana iya komawa ya gama. Kuma ba yawan cin wasa ake auna malami da shi ba, sai irin mutanen da suka fito daga hannunsa.