Henry Dunant: Ɗan kasuwar da ya tafi neman izinin ruwa ya tarar da yaƙi

Duk mai bin hanyoyin kan iyaka, daga Ƙonni har Diffa, ya sha cin karo da farar motar nan mai alamar jan kuros a ƙofa, da hoton bindigar da aka soke a jikin gilashi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka wani likita ne ko babban soja ya ƙirƙiro wannan alama. To, tushen abin ɗan kasuwa ne irinku, kuma wanda kasuwa ta kayar.

An haifi Henry Dunant ranar 8 ga Mayu 1828 a birnin Janeba na ƙasar Suwis. Ya fara aiki a banki, daga nan ya tafi Aljeriya, wadda a lokacin ke hannun Faransa, ya kafa kamfanin noma da injinan niƙan alkama. Inji kuwa sai da ruwa, kuma hukumomin mulkin mallaka suka yi ta jan ƙafa kan ba shi izinin fili da na ruwa. Wanda ya taɓa yini a bakin ofis da takarda a hannu ya san wannan ciwo. Da ya gaji, sai ya ce bari ya kai kukansa gun sarkin Faransa, Napoleon na 3, wanda ke arewacin Italiya yana yaƙi da Ostiriya.

Haka ya isa kusa da garin Solferino ranar 24 ga Yuni 1859, da yammacin da aka gama gwabzawa. Matattu da masu rauni sun kai wajen dubu 40, likitocin soja kuwa ba su taka kara sun karya ba. A garin Castiglione an cika babbar majami'a da masu rauni har babu wurin sa ƙafa. Dunant bai san aikin likita ba. Ya tara matan gari, suna ba da ruwa, suna wanke miki, shi kuma yana sayo kayan ɗaurin rauni da kuɗin aljihunsa. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ba a tambayi kowa ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. Har ya roƙi Faransawa su saki likitocin Ostiriya da suka kama domin su zo su yi aiki.

A 1862 ya buga littafi kan abin da ya gani, shi ya biya kuɗin bugawa, ya aika wa sarakuna da manyan hafsoshi na Turai. A watan Fabrairu 1863 shi da wasu mutum huɗu na Janeba, cikinsu har da lauya Gustave Moynier da Janar Dufour, suka kafa kwamitin da ya zama ƙungiyar Croix-Rouge ta duniya. Dunant ya nace kan abu guda wanda Moynier ke ganin ba mai yiwuwa ba ne: a ɗauki mai jinya a matsayin ɗan ba-ruwanmu, kada kowa ya harbe shi ko ya kama shi. Ranar 22 ga Agusta 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu kan yarjejeniyar Janeba ta farko. Ta kare asibitocin soja, motocin ɗaukar masu rauni, ma'aikatansu, har da mutanen gari da suka taimaki mai rauni. Daular Usmaniyya ta fara amfani da jan jinjirin wata a 1876, aka amince da shi a 1929.

An faɗaɗa yarjejeniyar a 1949, har ta taɓa yaƙin cikin gida. Amma takarda daban, daji daban. A 2018 an sace wasu ungozomomi biyu masu aiki da Croix-Rouge a garin Rann na jihar Borno, kusa da iyakar Kamaru, aka kashe su. Mata ne da aikinsu karɓar haihuwa a sansanin ƴan gudun hijira, kuma marasa lafiyan da ke wuraren irin wannan ƴan uwanmu ne da abokan cinikinmu.

Shi kuwa Dunant, yana can yana yawon shawo kan sarakuna, harkarsa ta Aljeriya ta lalace. A 1867 ya karye, bashi ya yi masa katutu, kotu ta ɗora masa laifi, aka raba shi da kwamitin da ya kafa. Ya bar Janeba bai sake komawa ba. A Paris har kwana ya yi a kan bencin titi. A 1887 ya sauka ƙauyen Heiden, daga 1892 kuma ya koma zama a wani ɗaki na asibitin garin. Mutane da yawa sun ɗauka ya mutu, sai a 1895 wani ɗan jarida, Georg Baumberger, ya gano shi ya rubuta labarinsa.

A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta farko, tare da Bafaranshe Frédéric Passy. Bai je karɓa ba, kuma bai ci kuɗin ba. Ya rasu ranar 30 ga Oktoba 1910, aka binne shi a Zurich ba tare da wani buki ba, kamar yadda ya nema. Cikin wasiyyarsa ya ware kuɗin gado ɗaya a asibitin Heiden, wanda talakan yankin zai kwanta a kai kyauta.