Mary Mahoney: Baƙar Fata Ta Farko Da Ta Sami Takardar Aikin Jiyya A Amurka

Ran 1 ga watan Agusta, 1879, Asibitin Mata da Yara na New England da ke birnin Boston a Amurka ya ba wata mata mai suna Mary Eliza Mahoney takardar shaidar ƙare koyon aikin jiyya. Ita ce baƙar fata ta farko da ta sami irin wannan takarda a ƙasar baki ɗaya. Shekarunta 34 a lokacin, ta kuwa shafe wajen 15 daga cikinsu tana yi wa wannan asibiti hidima. Duk da haka takardar ba ta zame mata mabuɗin aiki a asibiti ba. Sai da ta bi gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya, shekara kusan 30, kafin sunanta ya kafu. Tarihinta yana nuna irin tazarar da ke tsakanin ƙare makaranta da samun aikin fari, da kuma yadda aka yi ta fama kafin a rage ta.

Asalinta Da Tasowarta

An haifi Mary cikin 1845 a Dorchester, wadda yanzu unguwa ce ta Boston a jihar Massachusetts. Mahaifinta Charles da mahaifiyarta Mary Jane mutanen North Carolina ne, watau can Kudu, inda a wancan zamani ake saye da sayar da baƙar fata a kasuwa. Suka ƙaura zuwa Arewa don neman wurin da za su zauna da mutuncinsu. Jihar Massachusetts ta hana bauta tun 1783, amma hana bauta dabam, daidaita mutane dabam. Har 1855 'ya'yan baƙar fata na Boston makarantarsu a ware take. A shekarar nan ce aka yi dokar da ta hana wariya a makarantun jihar, Mary kuwa tana da shekara 10, sai ta shiga makarantar Phillips, ɗaya daga cikin na farko da suka haɗa 'ya'yan Turawa da na baƙar fata a aji guda.

Ba 'yar masu hali ba ce, saboda haka tun tana budurwa ta shiga neman abin kai. Asibitin da ta sami aiki wata likita ce, Marie Zakrzewska, haifaffiyar birnin Balin na Jamus, ta kafa shi cikin 1862, ana tsakiyar yaƙin basasan Amurka. Asibitin ya fita dabam, domin likitocinsa mata ne, majiyyatansa ma mata ne da yara. A nan Mary ta yi wanki, ta yi shara, ta yi girki, daga bisani har tana taimakon masu jiyya a ɗakunan majiyyata. Tana cikin wannan hidima asibitin ya buɗe makarantar koyon jiyya cikin 1872, shekara 12 bayan wadda Florence Nightingale ta kafa a Asibitin St Thomas na Landan. Cikin 1873 makarantar ta yaye Linda Richards, wadda ake ƙirgawa nas ta farko mai takarda a Amurka.

Wata 16 Na Horo

Cikin 1878 aka karɓi Mary a makarantar, tana da shekara 33. Ƙa'idar makarantar ita ce ba a ɗaukar fiye da baƙar fata ɗaya da Bayahudiya ɗaya a kowane aji, wannan ma a zamanin ana ganinsa sassauci ne babba, domin galibin makarantu ko ɗaya ba su ɗauka. Horon na wata 16 ne. Ɗaliba takan tashi aiki da ƙarfe 5:30 na asuba, ba ta ajiyewa sai 9:30 na dare, watau awa 16 ke nan a tsaye. Ana damƙa mata ɗaki mai majiyyata shida, ta yi aikin dare idan juyinta ya zo, ta halarci laccocin likitoci, a ƙarshe kuma a tura ta jiyya gidajen mutane na wata huɗu. Abin da ake ba ta tsakanin dala 1 ne zuwa 4 a mako. Mary kuwa 'yar ƙaramar mace ce, tsawonta bai wuce ƙafa 5 ba. Mata wajen 40 suka fara horon, waɗanda suka kai ƙarshe ba su fi huɗu ba, tana cikinsu.

Takarda A Hannu, Ba Gurbi

Da ta karɓi takarda, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Abubuwa biyu suka tare mata hanya. Na farko bai shafi launin fata ba, ya shafi yadda asibitocin Amurka ke tafiyad da aikinsu a wancan zamani. Asibiti ba ya buɗe makarantar jiyya don koyarwa kaɗai. Yakan buɗe ta ne kuma don ya sami ma'aikata masu araha. Ɗalibai su ne ke wanke majiyyata, su ba da magani, su gyara gadaje, su kwana a faɗake, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ran da aji ya ƙare, sai a sallame shi a kawo sabo. Mai takarda tana neman albashi cikakke, ɗaliba kuwa abinci da makwanci da 'yan kuɗin sabulu sun ishe ta, saboda haka asibiti ba shi da dalilin riƙe wadda ya koyar. 'Yan kaɗan kawai ake ajiyewa don su shugabanci ɗakuna ko su koyar. Haka abin ya ci gaba har shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, iyalai suka kasa biyan nas ta gida, asibitoci kuma suka fara ɗaukar masu takarda da yawa.

Abu na biyu shi ne launin fata. 'Yan guraben nan na shugabanci ba a ba baƙar fata, domin ba a yarda ta ba Baturiya umarni ba. Don haka abin da ya rage wa Mary shi ne jiyyar gida, inda mafi yawan masu takarda ke ƙarewa. Ta rubuta sunanta a rajistar masu jiyya da ke ɗakin karatun likitocin Boston, inda likita ko mai gida kan je idan yana neman nas. Wannan ma ba tabbacin aiki ba ne. Sai likita ya yaba da mace sa'an nan ya ambace ta ga iyalin majiyyaci, sai kuma iyalin sun yarda ta shigo gidansu. Masu iya biyan nas kuwa galibi Turawa ne masu dukiya, waɗanda ba su saba ganin baƙar mace a gidajensu ba sai a matsayin kuku ko mai wanki.

Jiyyar gida aiki ne mai wuya. Nas takan tare a gidan, ta kwana kusa da majiyyaci, dare da rana tana kan aiki, har ya warke ko ya cika. Daga nan sai ta koma ɗakinta ta jira wani kira, kwanakin jiran kuwa ba mai biyanta. Ga kuma rashin sanin matsayi: iyalai da yawa sukan ɗauki nas tamkar baranya, su ɗora mata aikace-aikacen gida. Mary ta san wanki da girki sarai, ta yi su shekara da shekaru, amma ta fahimci cewa in ta bari aka haɗa ta da barorin gida, takardarta ta tashi a banza, haka kuma ta duk wadda za ta biyo bayanta. Saboda haka takan ci abincinta ita kaɗai, ba ta zama tare da barori, ta tsaya a kan aikin da aka kira ta dominsa.

Yawancin waɗanda ta yi jiyya masu jego ne da jarirai. Sannu a hankali labarin natsuwarta da iya aikinta ya bazu, wannan gida ya gaya wa wancan, har ana aiko mata daga New Jersey, da Washington, da North Carolina, jihar da iyayenta suka baro. Ba ta yi aure ba. Mace ce mai riƙon addini, 'yar cocin Baptis da ke unguwar Roxbury.

Waɗanda Suka Biyo Baya

Nasarar mutum ɗaya ba ta buɗe ƙofa ga kowa ba. Wajen shekara 10 bayan Mary ta ƙare, wata budurwa mai suna Emma Reynolds ta nemi shiga makarantun jiyya na Chicago, duk suka ƙi ta saboda launinta. Wannan ne ya sa wani likita baƙar fata, Daniel Hale Williams, ya kafa Asibitin Provident da makarantarsa cikin 1891. An buɗe irin waɗannan makarantu a Atlanta cikin 1886, da Tuskegee cikin 1892, da Asibitin Lincoln na New York cikin 1898. Masu takarda suka yawaita, amma guraben aiki ba su yawaita ba. Jessie Sleet, wadda ta ƙare Provident cikin 1895, sai cikin 1900 wata ƙungiyar agaji ta New York ta ɗauke ta aikin zagaya gidajen masu tarin fuka, shi ma bisa gwaji na wata biyu. Da ta nuna ƙwazo aka tabbatar da ita, ta zama baƙar fata ta farko a aikin kiwon lafiyar jama'a a ƙasar. Adah Thoms kuwa ta riƙe makarantar Lincoln daga 1906 zuwa 1923 a matsayin riƙon ƙwarya, ba a taɓa tabbatar mata da muƙamin ba, ko da yake ɗalibanta duk baƙar fata ne.

Mary tana cikin baƙar fata na farko da suka shiga babbar ƙungiyar masu jiyya ta Amurka da Kanada, wadda aka kafa cikin 1896, ta zama Ƙungiyar Masu Jiyya ta Amurka cikin 1911. Sai dai ƙungiyar ba ta damu da matsalar baƙar fata ba. Tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, cikin watan Agusta, 1908, nas-nas 52 suka taru a New York bisa kiran Martha Franklin, suka kafa tasu ƙungiyar ta baƙar fata masu takardar jiyya. Manufarta ita ce a kyautata horo, a kawad da wariya a makarantu da wuraren aiki, a kuma samar da shugabanni daga cikinsu. Da aka yi babban taronta na farko a Boston cikin 1909, Mary ce ta yi jawabin maraba, tana da shekara 64. Taron ya ba ta zama 'yar ƙungiya har iyakar ranta, ya kuma naɗa ta mai jagorancin addu'a.

Ƙarshen Rayuwarta

Muƙamin shugabanci bai zo mata ba sai cikin 1911, shekara 32 bayan takardarta, shi ma ba a asibiti ba. An ba ta riƙon gidan marayu na Howard, na 'ya'yan baƙar fata, da ke Kings Park a jihar New York, ta yi wajen shekara guda, sa'an nan ta koma Boston ta huta. Ta ga abin da ya faru a Yaƙin Duniya na Farko, inda rundunar sojan Amurka ta ƙi ɗaukar nas baƙar fata har aka tsagaita wuta cikin Nuwamba, 1918. Sai da annobar mura ta yi tsanani aka ɗauki 18. Cikin 1920, da aka ba matan Amurka 'yancin jefa ƙuri'a, tana cikin matan Boston na farko da suka je suka yi rajista, tana da shekara 75.

Cikin 1923 ciwon sankarar mama ya kama ta. Ta rasu ran 4 ga watan Janairu, 1926, tana da shekara 80, a asibitin nan da ta yi wa wanki ta kuma yi karatu a cikinsa. An binne ta a maƙabartar Woodlawn da ke Everett, kusa da Boston. Cikin 1973 ƙungiyoyin masu jiyya suka kafa dutsen tunawa a kan kabarinta. Asibitin kuwa ya zama cibiyar lafiya ta Dimock, yana nan a Roxbury.

Faman da ta sa hannu a ciki ya ci gaba bayanta. Cikin 1936 ƙungiyar baƙar fata ta ƙago lambar girma da sunanta, Adah Thoms ce ta fara karɓa. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan ƙasa suka ƙayyade wa baƙar fata gurbi 56 kacal cikin 1941, sakatariyar ƙungiyar, Mabel Staupers, ta yi ta kai ƙara ga hukuma da jaridu har aka soke ƙayyadewar cikin 1945. Cikin 1948 babbar ƙungiya ta yarda nas baƙar fata ta shige ta kai tsaye, ko da reshen jiharta ya ƙi ta, kamar yadda rassan Kudu ke yi. Ganin haka, cikin 1951 ƙungiyar baƙar fata ta rushe kanta ta haɗe da babbar, bisa cewa babban abin da aka kafa ta dominsa ya samu. Wannan ya zo shekara 25 bayan rasuwar Mary Mahoney, shekara 72 bayan ranar da ta karɓi takardarta. Babbar ƙungiyar ta gaji lambar girman, tana ba da ita ga waɗanda suka yi ƙoƙari wajen buɗe wa kowa ƙofar aikin jiyya ba tare da duban launi ba.